Daga filin unguwa zuwa Mena: ina tsanin da yaran Damagaram za su hau?

Ran 7 ga watan Oktoba na shekara ta 2017, a garin Koci na ƙasar Indiya, yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 17 suka shiga fili gaban idon duniya, suka ci Koriya ta Arewa 1 da nema. Wannan shi ne karo na farko da tutar ƙasarmu ta tashi cikin wata gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa. Bayan sati uku, ran 28 ga wata, yaran Ingila suka ɗauki kofin a Kalkata, bayan sun ci Spaniya 5 da 2. Gasa ɗaya ce, kuma yaran namu da nasu sa'o'in juna ne.

Shekara bakwai bayan haka, ran 14 ga watan Yuli 2024, biyu daga cikin yaran nan na Ingila, watau Phil Foden da Marc Guéhi, suna cikin ƴan wasa 11 da suka soma wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Turai a Balin, babban birnin Jamus. Cikin namu ma akwai waɗanda suka kai ga saka rigar Mena babba. Amma tun daga shekara ta 2013 har zuwa gasar 2025, Mena ba ta sake samun shiga gasar cin kofin Afirka ba.

Ya ku masu karatu, wannan shi ne abin da muke so mu duba tare a shafinmu na yau. Allah bai hana ƴaƴanmu baiwa ba, Indiya shaida ce. Abin da muka rasa shi ne tsani, wanda yaro zai hau mataki-mataki tun daga filin unguwarsu har ya kai ƙungiyar ƙasa. Babu kuwa inda rashin wannan tsani ya fi fitowa sarari kamar jahar Damagaram.

Abin da Mena ta yi, da inda ta tsaya

Kafin mu yi maganar gyara, ya kamata mu ba Mena haƙƙinta. Ran 10 ga watan Oktoba 2010, a filin wasa na Janar Seyni Kountché a Yamai, Musa Ma'azu ya jefa ƙwallo ɗaya ragar Masar, aka tashi a haka. Masar kuwa a lokacin ita ke riƙe da kofin Afirka sau uku jere, 2006 da 2008 da 2010. A wannan zagaye Mena ta ci wasanninta uku na gida, da Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu, ta sha kashi a wasanninta uku na waje, ta gama da maki 9. Saliyo da Afirka ta Kudu su ma maki 9 gare su, amma da aka duba yadda ukun suka yi tsakaninsu, sai Nijar ta fito gaba. Da haka muka shiga gasar 2012 a Gabon, karo na farko cikin tarihinmu, aka kuma zaɓi mai horon Mena, Haruna Dula, gwarzon masu horo na Afirka na shekara ta 2011.

A Gabon an ci mu wasanni uku. A shekara ta 2013 muka koma gasar a Afirka ta Kudu bayan mun fitar da Gine, muka yi canjaras da Kwango ta Kinshasa, Mali da Gana suka ci mu. Daga nan ƙofa ta rufe.

Duk da haka an ga haske nan da can. A farkon 2023, cikin gasar CHAN ta ƴan wasan da ke bugawa cikin gida, wadda aka yi a Aljeriya, Mena ta fitar da Gana 2 da nema, ta gama ta huɗu. A watan Nuwamba 2024, ƙarƙashin mai horo Badou Zaki ɗan Maroko, ta ci Sudan 4 da nema, sa'an nan ta bi Gana har Ankara ta ci ta 2 da 1, amma maki ɗaya ya hana ta tikitin gasar 2025. A zagayen neman shiga kofin duniya na 2026 kuma ta zo ta biyu cikin rukuninta, bayan Maroko.

Wanda ya lura da wannan tarihi zai ga abu ɗaya yana maimaita kansa. Sai a sami wata zuriya ta ƴan wasa masu zuciya, su tashe mu da murna shekara biyu ko uku, in ƙarfinsu ya ja baya sai a shiga jiran wata. Kamar manomin da ba ya ajiye iri ne: shekarar da damana ta yi kyau ya ci ya ƙoshi, wadda ta biyo baya ya rasa abin shukawa.

Damagaram da tamola

Sunan Mena kansa sunan dabbar dajinmu ne, wata irin babbar barewa mai saurin gudu. Ɗaya daga cikin wuraren da ta rage a duniya shi ne duwatsun Tarmit, can arewa maso gabas da Gure, cikin jahar Damagaram. Ashe jahar da ke kiwon mena ta daji tana da haƙƙin tambayar ƴaƴanta nawa ke kaiwa Mena ta fili.

Ga abin da lissafi ya nuna. A ƙidayar jama'a ta 2012 an sami mutum sama da miliyan 3 da rabi a jahar Damagaram, cikin miliyan 17 na ƙasa baki ɗaya. Watau cikin kowane ƴan Nijar biyar, ɗaya ɗan Damagaram ne, kuma babu jahar da ta kai ta yawan jama'a. Galibin wannan jama'a yara ne da samari. In la'asar ta yi sanyi, ka bi Birni ko Zango ko Sabon Gari ko Garin Malam ko Kara-Kara, duk inda aka sami fili sai ka iske yara sun aza duwatsu biyu a madadin raga, suna buga tamola cikin rairayi, wasu da takalmin roba, wasu ƙafa tsirara. Haka abin yake a Mirya da Magarya da Matamai da Tanut da Gure.

Damagaram ta taɓa ɗanɗana zaƙin nasara. A shekara ta 1983 ƙungiyar Jangwarzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin gasar ƙasa, a 1984 kuma ƙungiyar Espoir ta Damagaram ta karɓa. Zamanin samariya ne, lokacin da kowace unguwa ke da tsarin samarinta da shugabanninsu, ana kuma zagayawa da wasannin samari na ƙasa jaha-jaha. Daga 1985 har zuwa 2024, duk shekarar da aka buga gasar aka kai ta ƙarshe, ƙungiyar Yamai ce ke ɗaukar kofi.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Yawancin ƙungiyoyin da suka yi ta cin kofin cikin ƴan shekarun nan na ma'aikatu ne: na soja, na askarawan Garde, na duwan, na ƴan sanda, na jandarma, na Nigelec, na Sonidep. Suna da albashin da za su biya ɗan wasa, wani lokaci har da begen samun aiki bayan an ajiye takalmi. Ƙungiyar da ke cikin jaha kuwa ta dogara ne ga wani attajiri mai son wasa ko ga ɗan tallafin magajin gari. Tsakanin Damagaram da Yamai akwai kimanin kilomita 900, wasa ɗaya a babban birni yana cin kuɗin mota da masauki da abinci na kwanaki. Saboda haka yaron da ya yi fice a Damagaram, in ya yi sa'a wani ya gan shi, sai ya tattara ya nufi Yamai. In ba wanda ya gan shi, sai ya shiga kabu-kabu, ko ya bi hanyar Kano ko ta Libiya neman kuɗi, ko ya zauna fada yana shan shayi har ƙuruciya ta wuce. Wasu kuma suna faɗawa ƙungiyoyin samari da ake kira fale, waɗanda Aisha Macky ta nuna rayuwarsu cikin fim ɗinta mai suna Zinder a 2021. Asarar ba ta ƙwallo kaɗai ba ce.

Yadda Ingila ta gyara gidanta

Yanzu bari mu leƙa Ingila, don mu ga yadda aka yi yaran da muka gamu da su a Indiya suka ci gaba da hawa. A can ne aka rubuta dokokin ƙwallon ƙafa a shekara ta 1863, amma sau ɗaya tak suka ci kofin duniya cikin ƙarni na 20, watau a 1966. Gasar ƙungiyoyinsu ta fi ta kowa kuɗi, sai dai kuɗin ya sa ƙungiyoyin suna sayen ƙwararru daga ko'ina cikin duniya, ƴaƴan gida suna zaune a benci. Sakamakon ya fito fili: Ingila ta kasa shiga gasar Turai ta 2008, Jamus ta ci ta 4 da 1 a kofin duniya na 2010, ƙaramar ƙasa Aisland ta fitar da ita daga gasar Turai a 2016.

Hukumominsu ba su tsaya ga korar mai horo kaɗai ba, sai suka koma tushe. A shekara ta 2012 suka soma aiki da wani sabon tsari na renon ƴan wasa. An raba ƙuruciya gida uku. Daga shekara 9 zuwa 11 lokacin aza tushe ne, yaro yana sabawa da ƙwallo a ƙaramin fili da ƴan wasa kaɗan, don ƙafarsa ta riƙa taɓa ta sau da yawa. Daga 12 zuwa 16 lokacin koyon dabaru da sanin wurin tsayawa ne. Daga 17 zuwa 21 lokacin shiga sana'a ne. Kowace ƙungiya tana da makarantar ƙwallo, an kuma kasa makarantun aji huɗu. Masu bincike na zuwa su duba filaye, da yawan malamai da takardunsu, da awoyin horo, da likita, da karatun boko na yaran, sa'an nan su ba makaranta ajin da ya dace da ita. Tallafin da za ta samu yana bin ajinta. Tun 2010 kuma aka ƙayyade wa manyan ƙungiyoyi yawan ƴan wasan da aka rena a waje da za su iya rubutawa cikin jerinsu na mutum 25, don a bar gurbin takwas ga waɗanda aka rena cikin ƙasar.

A watan Oktoba na 2012 aka buɗe babbar cibiyar horo ta ƙasa mai suna St George's Park kusa da garin Burton, wadda ta ci sama da fam miliyan 100. A nan dukan ƙungiyoyin ƙasa ke taruwa, daga na yara har babba, suna koyon salon wasa iri ɗaya, a nan kuma ake koyar da masu horo. Su kansu masu horon tsani suke hawa: Gareth Southgate ya riƙe ƴan ƙasa da shekara 21 tun 2013 kafin a ba shi babbar ƙungiya a 2016.

Bayan shekara biyar aka soma girbi. A 2017 Ingila ta ci kofin duniya na ƴan ƙasa da shekara 20 a Koriya ta Kudu, da na ƴan ƙasa da 17 a Indiya. Babbar ƙungiya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na 2018, ta kai wasan ƙarshe na kofin Turai a 2021 da 2024, ko da yake Italiya da Spaniya sun hana ta ɗauka. Ƴan ƙasa da shekara 21 sun ci kofin Turai a 2023 da 2025.

Sai dai tsarin nasu yana da nasa aibi, kuma su da kansu suna maganarsa. Dubban yara ke shiga makarantun tun suna shekara 9, kaɗan ƙwarai ke zama ƙwararru, sauran ana sallamarsu suna 16 ko 18. Wanda ya sa dukan ransa ga ƙwallo ya yi watsi da karatu, ranar sallama yakan rasa tudun dafawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da maƙwabtanmu suka yi

Wani zai ce: ina ruwan Damagaram da Ingila mai fam miliyan 100? Gaskiya ne ba mu da kuɗinsu. Amma akwai ƙasashe irin tamu da suka kama bakin zaren. A Kodebuwa, ƙungiyar ASEC ta Abijan ta buɗe makarantar ƙwallo a 1994 tare da Bafaranshe Jean-Marc Guillou, daga cikinta Kolo Touré da Yaya Touré suka fito. A Senegal, Mady Touré ya kafa Génération Foot a shekara ta 2000, ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Metz ta Faransa. Sadio Mané, wanda bugunsa na ƙarshe ya ba Senegal kofin Afirka a watan Fabrairu 2022, ɗan ƙauyen Bambali ne cikin Kazamans, nesa ƙwarai da Dakar, ta wannan makaranta ya bi. Mali kuma ta zo har gidanmu ta ɗauki kofi sau biyu: na ƴan ƙasa da shekara 17 a Yamai a 2015, da na ƴan ƙasa da 20 wanda aka buga a Yamai da Maraɗi a 2019.

Darasin da ke cikin labaran nan guda ne. Ƙungiyar ƙasa ba ta yin ɗan wasa, karɓarsa take yi an riga an gama ƙera shi. Mai horon Mena yana samun ƴan wasansa ƴan kwanaki kafin wasa, ba zai koya wa mai shekara 24 tsayar da ƙwallo ko buga ta da hagu ba. Wannan aikin shekara 10 zuwa 15 ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsanin da muke da shi a gida

Ba sai mun je nesa neman misalin tsani ba, don mun riga mun gina guda da hannunmu. Tun 1975, da aka yi gasar farko a Tawa, kokowar gargajiya ke tafiya bisa tsarin da kowa ya sani. Bayan kaka samari na kokowa a dandalin ƙauye. Wanda ya yi fice sunansa na kai wa gunduma, daga gunduma a yi zaɓen jaha, kowace jaha ta fitar da ƴan kokowa 10, jahohi takwas su haɗu su nemi takobi. Gasar tana zagayawa, kowace jaha tana da filinta, na Damagaram yana ɗauke da sunan Langa-Langa. Saurayin da ke ƙauyen Dungas ya san hanyar da zai bi, ya san wanda zai gani, ya san watan da za a yi zaɓe. Shi ya sa ba a taɓa cewa takobi na Yamai ne kaɗai ba.

Yaron da ke buga tamola a wannan ƙauye bai san ko ɗaya cikin abubuwan nan ba. Ana yin gasar unguwanni lokacin babban hutu, wani ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ya sa kofi da riguna, jama'a su cika fili, a yi kiɗa a watse. Ba a rubuta sunan kowa ba, ba a raba yara bisa shekarunsu ba, ɗan 13 yana karo da ɗan 19. In lakwal ta koma, sai baɗi.

Matakai huɗu

Mataki na farko takarda ce. Yaro ba zai shiga gasar ƴan shekara kaza ba sai da takardar haifuwa ta gaskiya. Tun 2009 hukumar FIFA ke amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gano masu rage shekaru, kuma an sha korar ƴan wasa, har da ƙungiyoyin ƙasashe ɗungum, saboda wannan. Rage shekaru zalunci ne ga ƙaramin da aka ƙwace wa gurbi, yaudara ce kuma ga ƙasa, don wanda aka ce yana 17 alhali yana 22 ya riga ya kai iyakarsa. A nan ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuna da babban aiki: ku ne za ku ja hankalin uwaye su kai sunan jariri wurin rajista, ku ne kuma za ku iya riƙe littafin ƙungiyar unguwa.

Bayan takardar haifuwa sai katin ɗan wasa, watau lisans, wanda reshen hukumar FENIFOOT na jaha ke bayarwa. Mutane da yawa ba su san wannan kati dukiya ba ne. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana shekara 12 har zuwa 23. Ga misali. A ce an sayar da ɗan wasa miliyan 1000 na sefa. Kason reno miliyan 50 ne. Ƙungiyar da ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 za ta sami miliyan 10, in ta riƙe shi har 17 ta sami miliyan 20. Tun watan Nuwamba 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman mai bin sawun wannan kuɗi yana aika wa masu shi. Amma ofishin rajista yake karantawa. Ƙungiyar da ba ta yi wa yaro kati ba, ko ta ciyar da shi shekara biyar, ba ta da ko dala.

Mataki na biyu malami ne. Damagaram garin malamai ne: ga makarantar horar da malamai ta Askiya Muhammadu, ga lise Amadu Kuran Daga, ga jami'ar André Salifou. Kowace shekara matasan malamai na fita zuwa ƙauyuka. Da za a haɗa musu ƴan makonni na koyon horar da yara, su fita da takardar shaidar matakin farko, da kowace lakwal ta zama ƙaramar makarantar ƙwallo. Tsofaffin ƴan wasan Espoir da na sauran ƙungiyoyi su ma taska ce da ke zaune banza. Mai horon yara ba mai tsawa da bulala ake nema ba. Ana son wanda ya san cewa ɗan shekara 10 ba ya bukatar zagaya fili sau goma cikin rana, ƙwallo yake bukata a ƙafarsa, da ruwan sha, da wasa da sanyin safiya ko bayan la'asar in bazara ta yi zafi.

Mataki na uku fili ne da gasa mai ɗorewa. Gari yana faɗaɗa, ana yanka filaye ana sayarwa, wurin da yara ke wasa bara bana an kafa masa tubali. Magadan gari da masu unguwanni suna iya ware fili guda cikin kowace sabuwar unguwa, a ba shi takarda da sunan jama'a, a dasa masa itatuwa kewaye. Ba sai da ciyawa ba, a share duwatsu da kwalabe, a kafa raga ta ƙarfe. Sa'an nan a shirya gasa ta ƴan ƙasa da 13 da 15 da 17, kowane sati, tun daga buɗe lakwal har faɗuwar damana, don kada a raba yaran ƙauye da gona. A soma tsakanin unguwanni da ƙauyukan da ke kusa, inda ƙafa ko amalanke za su kai, sa'an nan gunduma, sa'an nan jaha, kamar dai kokowa. Sau ɗaya a shekara jahohi su haɗu a gari ɗaya, masu horon ƙungiyoyin ƙasa su zo su zauna su duba. Kada a manta da almajiran makarantun allo, da ranakun hutunsu na Alhamis da Jumma'a, kada kuma a manta da ƴan mata.

Mataki na huɗu shi ne kare yaro. Sharaɗin shiga ƙungiya ya zama yaro yana karatu ko yana koyon sana'a, don cikin ɗari da ƙyar ɗaya zai ci abinci da ƙafarsa, sauran kuwa ƙasa na bukatarsu su zama manoma da malamai da makanikai masu lafiyar jiki da ladabi. Uwaye kuma su yi hattara da ƴan damfara masu cewa za su kai yaro Turai in an ba su kuɗin biza. Dokar FIFA ta hana a ɗauke ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai bisa wasu ƴan sharuɗɗa ƙalilan. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke biya. Duk wanda ya ce uba ya sayar da gona ko shanu, ɓarawo ne.

Gobe ta Mena

Makomar Mena tana da alamun alheri. Sakamakon 2024 da 2025 ya nuna akwai ƴan wasan da ba su jin tsoron manya. Shugaban FENIFOOT, Djibrilla Hima Hamidou da aka fi sani da Pele, ya sami kujera cikin majalisar FIFA a watan Maris 2025, abin da ke ba ƙasarmu murya inda ake raba tallafin raya wasa. Akwai kuma ciwo: a 2023 da 2024 Mena ta buga wasanninta na gida a Maroko da Togo, saboda filin Yamai bai cika sharuɗɗan hukumar CAF ba, alhali mun ga a 2010 da 2011 cewa ihun jama'ar gida ne ya kai mu Gabon.

Gyaran babban fili aikin gwamnati ne. Sauran aikin kuwa na kowa ne, kuma yawancinsa ba ya bukatar kuɗi mai yawa: littafin rajista, da alƙalami, da usur, da ƙwallo biyu, da mutum mai amana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, da gwamna, da magadan gari, da sarakunan gargajiya, da attajiran da ke sa kofin hutu, da malaman lakwal, in suka zauna wuri ɗaya suka tsara gasar yara ta shekara biyar jere ba tare da yankewa ba, za su yi wa ƙasa abin da sayo mai horo daga waje ba zai yi ba.

Ingila ta shuka a 2012 ta soma girbi a 2017. Wanda zai sa rigar Mena nan da shekara goma, yau yana da shekara 11 ko 12, kuma in lissafin jama'a gaskiya ne, cikin kowane biyar ɗaya yana Damagaram, yana bin ƙwallo cikin rairayi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu rubuta sunansa, mu ba shi malami da fili, mu bar sauran ga Allah.